Surukina ya yi yaƙin Biyetnam a jirgin ruwa, an ƙi biyansa diyya a 2011: ko akwai sauran hanya?

Abu_Safwan_Bronx
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokokin Amurka a kan wani al'amari da ya shafi surukina, mahaifin mai ɗakina. Baƙar fatar ƙasar nan ne, ya musulunta tun kafin a haifi 'yarsa, kuma ya yi aikin sojan ruwa a yaƙin Biyetnam daga 1967 zuwa 1969, a cikin ɗaya daga jiragen da ke matsowa kusa da gaɓa suna harba igwa don agaza wa sojojin ƙasa. Yau shekararsa 77, yana fama da ciwon suga da toshewar jijiyoyin zuciya, har an taɓa yi masa aiki. A 2011 ya cike takardar neman diyyar nakasa, yana danganta cututtukan nan biyu da maganin kashe ciyawa da aka fesa a lokacin yaƙin, wanda ake kira Agent Orange. Amsar da ta zo ita ce babu shaidar cewa ya taka ƙasar Biyetnam da ƙafarsa, don haka ba a amince ba. Tun daga ranar bai sake ɗaga maganar ba. A makon jiya wani dattijo ya gaya masa a masallaci cewa an canza dokar. Ina so in sani ko hakan gaskiya ne, ko tsohuwar takardar za a farfaɗo da ita ko sabuwa za mu cike, kuma idan an amince, daga 2011 za a lissafa masa ko daga yau.

Sajan_Danladi
Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Allah ya ba Baba lafiya. Dattijon nan gaskiya ya faɗa. Ni a Iraƙi na yi aikin soja, ba a Biyetnam ba, amma ma'aikata ɗaya ce take duba takardunmu duka, wato Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji da ake kira VA, kuma na zauna da dattawa irin surukinka da yawa a ɗakin jira.

A 2011 ƙa'idar ita ce sai wanda ya sauka a ƙasa ko ya shiga kogunan cikin Biyetnam ake ɗauka cewa maganin ya same shi, kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da wannan fassarar a shari'ar Haas a 2008. Sai a ranar 29 ga Janairu 2019 kotun ta warware hukuncinta a shari'ar Alfred Procopio, wani tsohon sojan ruwa, ta ce ruwan da ke kewaye da ƙasa har mil 12 na teku, kimanin kilomita 22, shi ma cikin ƙasar yake. A watan Yuni na shekarar aka sa hannu a kan dokar sojojin ruwa na Biyetnam, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020. Yanzu abin da ake buƙata shi ne a tabbatar jirginsa ya shiga wannan iyaka, ko da yini ɗaya ne, tsakanin 9 ga Janairu 1962 da 7 ga Mayu 1975. Jirgin da ke harba igwa zuwa gaɓa da wuya a ce bai shiga ba. Takardar da za ku cike ita ce mai lamba 20-0995, wadda ake nema da ita a sake duba abin da aka taɓa ƙi.

Maman_Iman_Ohio
Ina ƙara wa Sajan da cewa cututtukan biyu duk suna cikin jerin da doka ta amince da su. Ciwon suga irin wanda ke kama manya ya shiga a 2001, toshewar jijiyoyin zuciya kuma a 2010, tare da cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki. Amfanin jerin shi ne ba a tambayar majiyyaci ya kawo likitan da zai ce feshin ne ya jawo masa ciwo. Ya nuna inda ya yi aiki, ya nuna yana da cutar, doka ce ke haɗa tsakaninsu.

Nazifi_Mai_Nazari
Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi, don haka bari in tsaya a kanta. A al'ada, idan aka ƙi takardar mutum kuma shekara ta wuce bai ɗaukaka ƙara ba, hukuncin ya zauna, duk abin da ya samu daga baya kuwa daga ranar sabuwar takarda ake lissafawa. Dokar 2019 ta keɓe sojojin ruwa daga wannan. Ta ce wanda ya nema tsakanin 25 ga Satumba 1985 da 1 ga Janairu 2020 aka ƙi shi, sannan ya sake nema a kan ita wannan cutar aka amince saboda sabuwar dokar, to, lissafinsa zai koma ranar takardarsa ta farko. Ke nan wasiƙar ƙin amincewa ta 2011 ita ce mafi darajar takarda da Baba yake da ita a yau. Ku neme ta, kada ku bari ta ɓace.

Ranar 25 ga Satumba 1985 kuwa daga shari'ar Nehmer ta fito. Beverly Nehmer, wadda mijinta ya yi yaƙin Biyetnam ya rasu, ita da wasu suka shigar da ƙara a Kalifoniya a 1986, saboda a wancan lokacin wata cutar fata mai kama da ƙuraje ce kaɗai ma'aikatar ta yarda tana da alaƙa da feshin. A 1989 kotu ta soke wannan ƙa'idar, a 1991 kuma aka cimma yarjejeniya cewa duk lokacin da aka ƙara wata cuta cikin jerin, dole ma'aikatar ta zaƙulo takardun da ta taɓa ƙi a kan cutar, ta sake duba su, ta biya ariyas. A watan Nuwamba 2020 mai shari'a William Alsup ya yanke cewa yarjejeniyar ta haɗa da sojojin ruwa.

Alhaji_Sule_Harlem
To idan haka ne, ai babu abin da za su cike. Tunda kotu ta ce ma'aikatar ce za ta zaƙulo takardun da kanta, sai su jira wasiƙa.

Sajan_Danladi
Alhaji, a takarda haka ne, amma ba zan ba mutum mai shekara 77 da ciwon zuciya shawarar jira ba. Shekaru sun wuce tun wancan hukuncin. Mai yiwuwa an aika wasiƙa zuwa tsohon adireshi, mai yiwuwa kuma ba a gano jirginsa ba a lokacin da aka duba. Cike takardar ba ya rage masa komai daga haƙƙinsa na baya.

Malam_Tanko_Zariya
Ku yi mini afuwa, ni daga gida nake bin wannan tattaunawa, kuma manomi ne ni kafin in zama malamin makaranta. Wane irin maganin ciyawa ne wannan da zai kama mutumin da ke cikin jirgi a teku, ya kuma bayyana bayan shekara 40? Ina tambaya ne saboda yaranmu a nan kullum suna goye da tankin feshi a gonakin masara da shinkafa, da yawansu ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Shin abu ɗaya ne da namu?

Dakta_Hadiza_M
Malam Tanko, tambayarka tana kan hanya. Tsakanin 1962 da 1971 sojojin Amurka sun fesa kusan galan miliyan 20 na magungunan kashe tsirrai a Biyetnam da wasu sassan Laos da Kambodiya, don ganyen daji ya zube su ga abokan gaba, su kuma lalata amfanin gona. Fiye da rabin abin da aka fesa Agent Orange ne, sunan kuwa daga ratsin fenti ruwan lemo da ke jikin duronsa ya samo asali. Haɗi ne na magunguna biyu daidai wa daida, 2,4-D da 2,4,5-T. Na farkon har yau ana sayar da shi, kuma ka san shi a kasuwar kayan noma. Na biyun ne matsalar, domin wajen sarrafa shi a masana'anta wata guba mai suna dayoksin takan gurɓata shi. Ita wannan guba ba ta saurin ruɓewa, tana maƙalewa a kitsen jiki da cikin laka shekaru masu yawa. Amurka ta dakatar da yawancin amfani da 2,4,5-T a 1979, ta hana shi gaba ɗaya a 1985. Don haka ba abu ɗaya ba ne da abin da ke tankin yaranku, ko da yake wannan ba ya nufin a yi feshi babu kariya.

Batun jirgi kuma, jiragen yaƙi na wancan zamani ruwan teku suke ɗiba su tafasa su tace ya zama na sha da girki da wanka. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 2002 ya nuna cewa irin wannan tacewar ba ta cire dayoksin, ƙara tattara ta ma take yi. Wannan na cikin hujjojin da sojojin ruwa suka riƙe shekara da shekaru.

Amma tunda na shigo, bari in faɗi abin da wasu ba za su so ba. Ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya cututtuka ne da ke cika asibitocinmu a Kano da Maraɗi, a jikin mutanen da ba su taɓa jin sunan Biyetnam ba. Babu likitan da zai iya duba surukin Malam Abu Safwan ya ce feshin ne ya jawo nasa. Kwamitin masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa, wanda wata dokar Amurka ta 1991 kan Agent Orange ta ɗora wa aikin bitar bincike, ya sanya ciwon suga da toshewar jijiyoyin zuciya ne a rukunin da ke da shaida mai nuni amma ba yankakkiya ba. Shigar da su jerin hukunci ne na siyasa da tausayi, ba na ɗakin gwaji kaɗai ba.

Baban_Yusra
Dakta, ban yarda a kira shi tausayi ba. Wa ya hana a samu yankakkiyar shaida? Gwamnatin da ta tura su ba ta auna wanda maganin ya taɓa da wanda bai taɓa ba, ba ta ba su kariya ba, an ma riƙa gaya musu ba ya cutar da mutum. Wanda ya ɓatar da ma'auni ba shi da bakin cewa a kawo masa awo daidai. Sojojin nan sun fara kuka tun ƙarshen shekarun 1970. Sulhun da aka yi da kamfanonin da suka sarrafa maganin a 1984 dala miliyan 180 ne kacal, aka raba wa dubban mutane, kuma asusun ya ƙare tun kafin cutar da yawansu ta bayyana. Admiral Elmo Zumwalt, wanda ya ba da umarnin fesa bakin koguna don kare sojojinsa, ɗansa na cikinsa da ya yi aiki a waɗannan kogunan, cutar kansa ce ta kashe shi a 1988, kuma uban ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar a biya su. Haƙƙi ne da aka jinkirta.

Dakta_Hadiza_M
Baban Yusra, ba mu yi nisa da juna ba. Ban ce kada a biya ba, kuma hujjarka ta rashin awo ita ce ainihin dalilin da ya sa aka kafa jerin. Abin da nake gudu shi ne iyali su ɗauka cewa tunda an gano sanadi, babu sauran abin yi game da abinci da shan magani a kan lokaci. Kuma adalci ne in ƙara cewa a rahoton kwamitin na 2018 an ɗaga hawan jini zuwa rukunin da ke da isasshiyar shaida, shekara huɗu kafin doka ta amince da shi.

Abu_Safwan_Bronx
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba bayanan nan jiya bayan magariba, ina fassara masa. Sai ga shi maganar Dakta Hadiza ce ta fi tsaya masa a rai, ta hanyar da ban zata ba. Ya ce mahaifiyarsa ma ciwon suga ne ajalinta, kuma ba ta taɓa barin garinsu ba. Ya ce idan ba shi da tabbacin feshin ne, yana tsoron ya ci kuɗin da ba nasa ba a ƙarshen rayuwarsa, ya je ya tarar da hisabinsa. Mutum ne mai tsantseni sosai, kuma a matsayina na suruki akwai iyakar yadda zan matsa masa. Me zan gaya masa?

Ustaz_Bashir_Kumasi
Allah ya ƙara wa Baba tsoronsa, wannan hali ne na mutanen kirki. Ba fatawa nake bayarwa ba, kuma ya kamata ya zauna da limamin da ya yarda da shi. Amma a lura da abin da takardar ke tambaya. Bisa bayanin Maman Iman, ba a ce ya rantse cewa feshin ne ya sa masa ciwo ba. An tambaye shi inda ya yi aiki da abin da ke damunsa, kuma duka biyun gaskiyarsu zai faɗa. Hukumar da ke riƙe da baitulmalin ita ce ta kafa sharaɗin, tana sane da cewa wasu daga masu ciwon ta gado suka same shi, ta kuma zaɓi ta biya kowa a kan ta zalunci wanda feshin ya cutar. Inda haramci zai shigo shi ne ya ƙara wa ciwon abin da babu, ko ya ɓoye abin da aka tambaye shi. Idan likita ya tambaye shi tarihin gidansu, ya ambaci mahaifiyarsa.

Inna_Rabi_Atlanta
Ɗana Abu Safwan, ka gaya masa ba don kansa kaɗai zai yi ba, idan uwargidansa tana raye. Maƙwabciyata Ba'amurkiya ce, mijinta ya yi aiki a sansanin jiragen sama a Tailan. Ya nema, ba a amince ba, domin a lokacin sai wanda ya nuna cewa aikinsa a bakin shingen sansani yake, kamar masu gadi da karnuka, tunda nan ake fesa maganin. Shi kuwa makanikin jirgi ne. Ya rasu da kansar huhu, ita ma ta nemi alawus ɗin matan mamata ba ta samu ba. Bayan dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022, wadda ake kira PACT, duk wanda ya yi aiki a sansanin Amurka ko na Tailan daga 1962 zuwa tsakiyar 1976 ya shiga, ba tare da batun shinge ba. Ta sake nema, aka amince. Na ga hawayen matar nan ranar da wasiƙar ta zo, kuma ba na farin ciki ba ne zalla, domin cewa take yi da yana raye ya gani. Idan an tabbatar wa Baba tun yana da rai, hanyar iyalinsa ta fi sauƙi ranar da ta Allah ta kasance.

Nazifi_Mai_Nazari
Maganar Inna Rabi tana da tushe a doka. A ƙarƙashin Nehmer, idan mai haƙƙi ya rasu kafin a biya shi ariyas, kuɗin na komawa ga matarsa, idan babu ita ga 'ya'yansa, sannan iyayensa. Dokar 2022 kuma ba Tailan kaɗai ta ƙara ba, ta haɗa da Laos, da wurare biyu a Kambodiya, da tsibiran Guam da Samoa ta Amurka, da tsibirin Johnston inda aka tara durorin da suka rage, kowanne da shekarunsa. Waɗanda suka yi aiki a iyakar Koriya biyu daga Satumba 1967 zuwa Agusta 1971 sun riga sun shiga kafin nan.

Garba_Philly
Akwai wani cikas da ba ku ambata ba. Na ji an ce takardun tsofaffin sojoji sun ƙone a wata gobara a St. Louis, shi ya sa da yawa ba sa iya tabbatar da komai.

Sajan_Danladi
Malam Garba, gobarar gaskiya ce, a 1973 aka yi ta, kuma miliyoyin fayiloli sun salwanta. Sai dai na sojojin ƙasa ne da aka sallama daga 1912 zuwa 1960, da wani kaso na sojojin sama da aka sallama daga 1947 zuwa 1964. Ba ta ci na sojojin ruwa na zamanin Baba ba. Ban da haka, kowane jirgin yaƙi yana da kundin da ake rubuta inda yake kowace rana, kuma waɗannan kundaye suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, an ɗauki hotunansu an sa a kwamfuta saboda wannan dokar. Abin da ake buƙata daga Baba shi ne takardar sallamarsa, DD-214, da sunan jirgin, da watannin da yake ciki.

A nan ne wasu ke faɗuwa, kuma ya kamata a sani. Manyan jirage masu ɗaukar jiragen sama galibi can nesa da gaɓa suke tsayawa, a wajen mil 12. Na san dattijon da ya yi wata da watanni a irin wannan jirgin, yana da cutar da ke cikin jerin, amma kundin bai nuna sun shiga iyakar ba, har yau bai samu ba. Ruwan da ya sha da na maƙwabcinsa da aka biya duk daga teku ɗaya ne.

Maman_Iman_Ohio
Bari in yi gyara a kan wani abu da na ga yana rikita mutanenmu. A Hausa mukan ce kansar mafitsara mu nufi abu biyu. Akwai ta ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wato firostet, ita tana cikin jerin tun 1996. Akwai kuma ta mafitsarar kanta, wadda sai a 2021 aka shigar da ita, tare da raunin ƙululun maƙoshi da wasu cututtuka masu kama da Parkinson. Idan za ku taimaka wa wani dattijo ya cike takarda, ku kwafi sunan cutar kamar yadda likita ya rubuta, harafi da harafi.

Sannan kada a ɗora rai a kan adadi tun yanzu. Amincewa daban, ma'aunin nakasa daban, wato kason da ake auna tsananin ciwo da shi, wanda yawan kuɗin ke bi. Ciwon suga da ake sha wa ƙwaya ko allura tare da kiyaye abinci kashi 20 cikin 100 ake ba shi. Na zuciya ya danganta da yadda mutum ke iya motsi kafin numfashi ya gaza, daga kashi 10 har zuwa 100. Kuma ba tarawa ake yi kai tsaye ba, mai 60 da 20 a 70 yake tsayawa, ba 80 ba. Hawan jini kuwa mutane da yawa an amince musu amma da kashi sifili, saboda magani ya riƙe musu shi. Idan Baba yana da shi ya sa a takarda, amma sabon nema ne da lissafinsa daban. Abin da zai fi amfani shi ne ku tattaro bayanan asibiti tun daga 2011, domin ariyas ɗin gwargwadon tsananin ciwon a kowane lokaci ake lissafa shi.

Alhaji_Sule_Harlem
Na karɓi gyaran Sajan a kan jira. Amma da wannan sarƙaƙiya da Maman Iman ta zayyana, ni a ganina su ɗauki lauya kawai. Kuɗin shekara 14 ba abin da za a yi wasa da shi ba ne.

Hamza_Minnesota
Alhaji, a yi hattara a nan. Wani abokin aikina ya biye wa wani kamfani da ya gani a Facebook yana alƙawarin samo wa mahaifinsa kashi 100. Aka sa dattijon ya sa hannu a wata yarjejeniya, shi ya shigar da takardar da hannunsa, da kuɗi ya fito suka aiko masa da takardar bashi mai nauyi. Daga baya aka gano ba su da rajistar wakiltar tsofaffin sojoji ko kaɗan. Ƙungiyoyin 'yan mazan jiya irin su DAV da VFW da American Legion da Vietnam Veterans of America suna da jami'ai masu rajista da ke wannan aikin kyauta, kuma ba sai mutum ya zama mamba ba. Lauya mai rajista galibi kashi 20 cikin 100 na ariyas yake ɗauka. A lissafa kashi ɗaya cikin biyar na shekara 14, a kan takardar da doka ta riga ta share wa hanya.

Nazifi_Mai_Nazari
Ina tsakanin ku biyu. A fara da jami'in kyauta, kamar yadda Malam Hamza ya ce. Ranar lauya ita ce ranar da aka amince amma aka sa ranar lissafi ta bana maimakon 2011, ko aka ba da ma'aunin da bai kai ba. A nan akwai shekara ɗaya don neman babban jami'i ya sake dubawa ko a kai gaban hukumar ɗaukaka ƙara, bayan hukuncinta kuma kwana 120 ne kacal na zuwa kotu. Ku karanta wasiƙar amincewa da natsuwa irin wadda za ku karanta ta ƙi, domin murna takan sa mutane su tsallake layin da ranar take.

Baban_Yusra
Ina yi wa Baba fatan nasara da zuciya ɗaya, amma ba zan iya barin wannan zance ba tare da ambaton waɗanda aka fesa wa maganin a kan rufin ɗakunansu ba. Wani bincike da aka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.1 zuwa miliyan 4.8 ne ke zaune a ƙauyukan da aka fesa. Mutanen Biyetnam sun shigar da ƙara a New York a 2004, alƙalin da ya jagoranci sulhun 1984, Jack Weinstein, shi ya kori ƙarar a 2005, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraronta a 2009. Tran To Nga, dattijuwar da ta kai kamfanonin ƙara a Faransa, ta sha kaye a 2021, ta sake sha a kotun ɗaukaka ƙara ta Faris a 2024. Amurka ta kashe kuɗi wajen tsabtace filin jirgin Da Nang, aka gama a 2018, aka fara na Bien Hoa a 2019. Amma dokar da ta yarda cewa yini ɗaya a teku ya isa hujja ga soja, ba ta san da wanda aka haifa ya girma yana cin kifin tafkin da gubar ta kwanta ba.

Malam_Tanko_Zariya
Dakta Hadiza, na gode da bayani. Zan karanta wa ɗalibaina sashen da ya shafi feshi, domin rabinsu 'ya'yan manoma ne. Allah ya ba Baba lafiya.

Abu_Safwan_Bronx
Ga inda muka kwana. Baba ya zauna da limaminsu ranar Juma'a, ya fito ya ce a ci gaba, da sharaɗin cewa shi zai karanta kowane layi kafin ya sa hannu. Maganar Inna Rabi a kan uwargida ita ce ta ƙarasa sauko da shi. Mai ɗakina ta samo wasiƙar 2011 a cikin wata tsohuwar jaka, tare da takardar sallama, kuma sunan jirgin yana jiki. Mun samu ganawa da jami'in wata ƙungiya ranar Talata. Matsala ɗaya ta taso: wasiƙar ciwon suga kaɗai ta ambata a kanunta, ciwon zuciyar a shafi na uku ya fito cikin jerin bayanan likita, alhali Baba ya tabbata duka biyun ya rubuta. Malam Nazifi, shin wannan zai hana na zuciyar komawa 2011?

Nazifi_Mai_Nazari
Kada ku yanke hukunci da wasiƙar kaɗai. Ku roƙi jami'in ya buɗe cikakken fayil ɗin Baba, domin ainihin takardar da ya cike da hannunsa a 2011 tana ciki, kuma ita ce za ta nuna abin da ya nema. Ku tafi da wasiƙar gaba ɗayanta, har shafi na ukun, da bayanan aikin zuciyar da aka yi masa, ku kuma nuna wa jami'in wannan saɓanin tun kafin a cike komai ranar Talatar.